Jirgin Leda da Jar Waya

Wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Hadari ya haɗo ta wajen Bosso, iska sai fizgar kwanon gidaje take yi, mu kuwa yaran Tudun Fulani muna fili ƙafa ba takalmi, ƙasa da danshin ruwan jiya. Irin iskar da muke jira ke nan mu saki jirgin leda, wanda muke haɗawa da tsinken tsintsiya da baƙar leda. Yayana Hamisu ne gwaninmu. Tun da jirgin alhazai ya ratsa ta saman unguwa ya ce shi matuƙin jirgi zai zama, har muke tsokanarsa da Kyaftin.

Damuwarsa ɗaya, zaren ɗinki ba ya jure iskar hadari. Sai ya tsinto wata ƙonanniyar fanka a bayan shagon Baban Bulus, maƙwabcinmu mai gyaran fanka, ya warware jar wayar cikinta ya ɗaura wa jirginsa. Wayoyin lantarkin da suka ratsa filin kuwa ba mai tsoronsu. An daɗe ba a kawo wuta ba, har mun mayar da su igiyar shanya.

Jirginsa ya wuce na kowa, sannan iska ta karkato shi ya harɗe a wayoyin. Hamisu yana ja yana dariya. Daidai nan unguwa ta ɗauki ihu, "An kawo wuta!" Ni ma na daka tsalle. Ina juyowa na ga Hamisu ya sandare, ido ya kakkafe, hannu ya ƙi sakin waya, ga ƙauri.

Maman Bulus tana daka a ƙofar gida. Ta sheƙo da taɓarya tana cewa, "Kar wanda ya taɓa shi!" Ta ɗaga ta maka masa a hannu da duk ƙarfinta. Har yau ina jin ƙarar ƙashin nan. Ya faɗi can gefe. Innarmu da ta fito a lokacin, dukan kawai ta gani. Ta shaƙo matar ta kai ta ƙasa tana ta kirɓa, ita kuwa baki duk jini tana cewa, "Maman Hamisu, wuta ne! Duba hannu!" Inna ta duba. Sai ta durƙusa ta rungume ƙafafun matar tana kuka.

Hamisu ya rayu, amma hannun dama ya shanye, zancen Kyaftin ya mutu. Yanzu 'ya'yansa a wayar salula suke tuƙa jirgi, suna kwance a ɗaki, shi kuma yana nuna musu da hagu inda za su danna. Ina kewar filin nan da iskarsa. Amma har gobe in na ji yara sun yi ihun an kawo wuta, sai na leƙa waje na ga me ke hannun kowa.