Tudun Mil na Goma

A gidan da na tashi, babban mutum ba ya gudu sai in wani abu ne ya biyo shi. Da wannan tarbiyya na zo garin Greensboro, nan ƙasar Turawa, da ita kuma na tsufa a cikin garin, saboda haka ranar da mutanenmu suka kafa ƙungiyar masu gudu ban ɓoye musu ra'ayina ba. Likitoci ne suka tayar da su: wannan an ce masa sukari ya hau, wancan hawan jini. Suka fara haɗuwa kowace Asabar da sassafe a wani lambun shaƙatawa, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, suna zagaya tafki cikin riguna masu launin da ke kashe ido. Ni ban taɓa bin su ba. Amma da yake na shafe shekaru ina koyar da Hausa kafin in baro gida, kuma sun gaji da yadda nake gyara musu rubutu a zauren da muke hira ta waya, sai suka naɗa ni magatakarda, aka ɗora mini rubuta sakamakon gasanni.

Aikin yana tashi ne a lokacin da ake kira bazara a nan, wadda ba ta gaji zafin tamu ba, sa'ad da itatuwa ke zubar da wani gari rawaya da ke rufe gilasan motoci. Daga Maris zuwa Mayu kusan kowane ƙarshen mako akwai gasa a kan titi. Masu shiryawa suna jera mutane bisa wanda ya riga isa. Ni kuwa na ga rashin kunya ne a rubuta ɗan shekara talatin a saman mai furfura don kawai ƙafarsa ta fi sauri, saboda haka jerina bisa shekaru yake tafiya. Ta haka ne aminina, wani Alhaji Badamagare mai shagon kayan abinci a Gate City Boulevard, ya riƙe saman takardarmu shekara huɗu a jere ba tare da ya taɓa riga kowa isa ba.

Alhajin nan shi ne na farkonmu da ya shiga gasa mai sassa uku, wadda ake farawa da iyo, a hau keke, a ƙarasa da gudu. Ruwan bai ba shi wahala ba, keken ma haka. Abin da ya cinye masa lokaci shi ne sauya tufafi a tsakani. Sauran mutane suna tuɓewa a guje a bainar jama'a, shi kuwa ya nemi bayan wata mota, ya ɗaura zane, ya goge jiki a natse, ya ninke jiƙaƙƙen wando, sannan ya taje gemu. Na rubuta a sakamakon makon cewa Alhaji ya zo na ƙarshe a rukuninsa amma na farko a sutura. Har yau yana da saƙon a wayarsa, yana nuna wa masu sayen gari da manja.

Gasar da muka fi ɗauka da girma ita ce ta rabin gudun famfalaki, mil goma sha uku da ɗoriya, wadda ke tashi daga tsakiyar gari ta zagaya ta dawo. Ita kaɗai nake fita kallo. Ina da wurina, a wata kusurwa kusa da Elm Street, daidai inda ake kafa alamar mil na goma. Nakan zo da kujerar ninkewa, in sa babbar riga da hula, domin ba daidai ba ne mutanenmu su sha wannan wahala babu dattijo ko ɗaya da ya shaida. Su kuma, Allah ya yi musu albarka, ba wanda ya taɓa wuce ni kamar bai san ni ba. Mazan sukan ratse, su ba ni hannu biyu. Matan sukan rusuna. Nakan tambaye su kwana, da gida, da yara, da aiki, sannan in ce ina gajiya, su ce ba gajiya, alhali gumi na ɗiga daga haɓarsu. Turawan da ke gefena suna ta kaɗa ƙararrawa suna ihu, ni kuwa ina jin daɗin cewa namu sun fita daban.

A cikinsu duka ba wadda ta kai wata nas 'yar Filato cika gaisuwa. Tana aiki a sashen masu ciwon zuciya, ta haura arba'in da biyar, tana rera waƙa a cocinsu, kuma tun da mijinta ya rasu take kira na Baba da nufin kalmar. Ba ta rusunawa rabi. Sai gwiwa ta kusa taɓa kwalta, ta tambayi lafiyata, da ta maiɗakina, da ta jikokina ɗaya bayan ɗaya. Burinta guda ne, kowa a ƙungiya ya san shi: ta gama wannan gasa ƙasa da awa biyu. Shekara ta farko ta haura da minti uku. Ta biyu da minti ɗaya da 'yan kai. Ta uku da daƙiƙa arba'in kacal. A hunturun da ya biyo baya likitan ƙashi ya duba gwiwarta ta hagu, ya ce zai yi mata aiki a watan Yuni, bayan haka kuma dogon gudu a kan kwalta ya ƙare mata. Gasa ɗaya ta rage mata ke nan.

Lambar da masu gudu ke liƙawa a ƙirji tana ɗauke da wata 'yar na'ura mai nuna lokacin da mutum ya ci a kowane zango. Ni mutum ne mai bin diddigin takarda, don haka na daɗe da lura cewa mutanenmu duka suna yin sanyi a wuri guda, tsakanin mil na tara da na goma sha ɗaya. Na yanke hukuncin cewa akwai tudu a wurin. Shekara uku ina yi musu ba'a da shi a rubuce. Na ce tudun mil na goma ya sake cin mutanenmu da yaƙi. Na ce wanda ya rage tuwo zai ga tudun ya rage tsawo. Suka riƙa amsawa da hotunan dariya, ba wanda ya ce mini uffan.

Wata Lahadi da hantsi, saura mako uku gasar, ina zaune da tsofaffin takardun sakamako, na ce wa maiɗakina ina tausayin nas ɗin nan, domin in ba ta koyi hawan tudun ba, to burinta ya tafi. Tana tsinke alayyahu, ba ta ko ɗago ba. Ta tambaye ni shekara nawa nake kafa kujera a wurin, na ce huɗu. Ta tambaye ni ko kujerar ta taɓa karkacewa, na ce a'a, wurin shimfiɗe yake kamar faranti. Sai na ji abin da bakina ya faɗa.

"Malam," in ji ta, "tudun nan kai ne."

Na ɗauki agogo na gwada gaisuwar ni kaɗai, tambaya da amsa, har jikoki. Ta ci daƙiƙa hamsin da biyar, ban da lokacin da ƙafa ke ɗauka kafin ta koma kan saurinta. Maiɗakina ta ce kowa ya sani, har sun taɓa zama a kan maganar a shagon Alhaji, aka rasa wanda zai iya tarar dattijo ya ce masa gaisuwarsa ta yi tsawo.

Asabar da ta biyo baya na je lambun da suke atisaye, karo na farko a rayuwata. Na kira nas ɗin gefe na ce mata na yafe gaisuwar ranar gasa, in ta gan ni ta wuce abinta. Ta rusuna ta ce to, Baba. Na ce ga shi kuwa tun yanzu ta fara karya umarnin. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce ita ma ta sha yi wa kanta alkawari tun daga mil na takwas, amma da ta hango hulata sai ƙafar ta tsaya da kanta, domin haka mahaifiyarta ta horar da ƙafar. Na gane ba da baki za a gyara wannan ba. Na ƙudura a raina cewa ranar gasa zan bar kujerata a gida, in tsaya can bayan layin ƙarshe, inda gaisuwa ba ta cin kowa.

Kuskurena shi ne ban gaya wa Alhaji ba. Shi a shekarar ya gama gasarsa mai sassa uku tun Afrilu, yana hutun ƙafa. Ina tsaye a bayan shinge wajen layin ƙarshe, agogon gasa ya nuna awa ɗaya da minti ashirin, wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, cike da fara'a, yana cewa ya ga ban iso ba, amma kada in damu, ya riƙe mini wurina, kuma ya sa hularsa ta Juma'a don kada yaran su ji babu kowa. Na ce ya bar wurin nan take. Ƙarar ganguna ta hana shi ji, ya ce madalla, sai na zo.

Hanyar gasar zagaye take yi, don haka daga inda nake zuwa kusurwar tituna huɗu ne kawai ta yanke. Na tattare babbar riga a kafaɗa na kama hanya. Alhaji ya rantse wa duk wanda ya shiga shagonsa cewa da idonsa ya ga na shawo kwana a guje, takalmi ɗaya na neman fita. Abin da na sani shi ne na yi sauri.

Na iske shi ya riga ya tare mutum biyu daga cikin namu, yana tambayar na biyun labarin surukarsa. Can nesa na hango farin ɗankwalin da nas ɗin ke ɗaurawa. Ba lokacin bayani. Na kama hannun Alhaji na juya shi, muka ba titi baya, muka fuskanci gilashin wani shago da ba a buɗe ba tukuna. Sai da muka tsaya na ga kayan da ke ciki: gadajen karnuka ne da rigunansu na sanyi.

"Malam, lafiya? Kare za ka saya?"

"Dubi gabanka, Alhaji. Kada ka waiwaya."

A cikin gilashin na gan ta tana tahowa, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ta gane mu, ba shakka, domin babu wasu masu manyan riguna biyu a duk faɗin titin. Takunta ya sassauta, gwiwar ta fara lanƙwasa. Na ƙara matsawa jikin gilashin kamar mai karanta farashi. Sai ta ɗora hannun dama a ƙirji, ta sunkuyar da kai ga bayanmu, ta miƙe ta wuce. A duk tsawon rayuwata ban taɓa juya wa mai gaishe ni baya ba sai ranar. Haka muka tsaya har sauran mutanenmu suka wuce, sannan muka koma layin ƙarshe, ina yi wa Alhaji bayani a hanya, shi kuma yana ta salati yana cewa ai shi ma ya san maganar, mantawa ya yi cewa shi ma dattijo ne.

Mun iso ta riga ta gama. Tana zaune a kan ciyawa, an ɗaura mata ƙanƙara a gwiwa, lambar yabo a wuya, ƙawayenta na coci sun kewaye ta. Ɗaya ta miƙo mini waya in gani: awa ɗaya da minti hamsin da tara da daƙiƙa talatin da takwas. Da ta gan mu ta yunƙura za ta tashi, na ce ta zauna, ta ƙi. Ta dafa kafaɗar wata, ta rusuna da ƙafar da ke da lafiya, ta gaishe ni tun daga kwana har jikoki, ba ta tsallake ko ɗaya ba, sannan ta juya ta yi wa Alhaji nasa. Na amsa duka a natse, tun da yanzu agogo ba ruwansa da mu. Daga ƙarshe na ce mata ina gajiya.

"Baba," ta ce, "yau kam akwai gajiya."

Da yamma na rubuta sakamako kamar kullum, bisa shekaru, ta fito ta shida. A ƙasa na ƙara layi ɗaya, cewa magatakarda ya binciki tudun mil na goma da kansa, kuma ba za a sake samunsa a wurin ba. An yi mata aikin gwiwa a Yuni, yanzu iyo take yi. A gasar bana ni da ita muka zauna a kujeru biyu bayan layin ƙarshe, ita ce ma take riƙe mini hannun riga in ta ga ina shirin tarar wani tun bai taka layin ba.