Abdurrahim Mai Turin Keke da Yarinyar da Aka Bari a Sudan

Abdurrahim Yunus haifaffen unguwar Tandabawi ne, nan cikin Makka. Turin keke ne sana'arsa a Harami: tsoho ko mara lafiya ya zauna, shi ya zaga da shi ɗawafi, ya kai shi Safa da Marwa. Ni Sabitu, tela ne daga Katsina, da iƙama, takardar izinin zama, nake zaune. A shagona na Utaibiyya muka haɗu, ya kawo in rage masa tsawon jallabiya, ya duba aikin ya ce ɗinkina ya fi fuskata kyau. Tun daga ranar bai taɓa wuce ƙofata bai leƙo ba. Hausarsa rabi Larabci ce. In na yi masa dariya sai ya ce, "Ya Sabitu, ni dai ana gane ni. Kai Larabcinka ko akuya ba ta amsawa."

A Hajjin 2012 ya tura wani dattijo mutumin Meziko, wanda ya musulunta da girmansa ya ɗauki sunan Isa, yana kuma ɗan jin Larabci. Da suka zauna shan zamzam, dattijon ya ba shi labarin kakanninsa, mutanen da ake kira Aztek. Washegari Abdurrahim ya zo shagona bai ko yi min tsiya ba. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya kwashe labarin ya faɗa min.

Birninsu a tsakiyar tafki yake. A kan ruwa suka yi lambuna, suna noman masara da wake da barkono, kwale-kwale ke kai kaya kasuwa, kuma yaransu duk suna zuwa makaranta. Suna yanka mutane saboda gumakansu, dattijon bai ɓoye wannan ba. Sai Sifaniyawa suka zo da dawakai da bindigogi, maƙwabtan da suka gaji da biyan haraji suka bi bayansu. Cutar agana ta shiga birnin. Daga baya aka kewaye shi, aka datse hanyar ruwan sha, mutane suka ci ƙadangaru da ɓawon itace da fata. Da birnin ya faɗi aka rushe shi, aka gina sabo a kansa da duwatsunsa.

Abdurrahim ya ce, "Ka san abin da ya tsaya min a rai? Bayan shekaru wani limamin Kirista ya tara tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ana tambayarsu, samari suna rubutawa da harshensu. Waɗanda suka ci yaƙin sun rubuta nasu labarin, na nasara. Su kuwa tsofaffin sun faɗi abin da yunwa ta sa suka ci, da yadda agana ke hana mutum ko juyawa a shimfiɗa. Da ba a tambaye su ba, khalas, labarin ya tafi."

A lokacin an fara shafa jan fenti a bangon gidajen layin su Abdurrahim, alamar za a rushe. Ya ce, "Ba na haɗa mu da su, astagfirullah, ba wanda ya yaƙe mu. Amma tsofaffinmu wa ya tambaye su?"

Sai ya fara da kakarsa, Hajiya Rabi, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. A ƙafa ta zo daga ƙasar Kano tana ƙuruciya, ita da mijinta cikin ayarin mahajjata, ta Chadi da Sudan. Ya riƙa ajiye waya a gabanta yana naɗar muryarta. Ta faɗi rijiyoyi, da tsintar auduga, da tsallake teku. Wata rana, ba tare da ya tambaya ba, ta ce ta haifi yarinya kafin Yunus, mahaifin Abdurrahim. Agana ta kama ta a wani ƙauye kusa da Madani a Sudan, ayari ba zai jira ba, aka bar ta a hannun wasu Hausawa na can a kan za a ɗauke ta a hanyar komawa. Ba su koma ba.

Ashe yana da goggo a Sudan, wataƙila ma tana raye. Ya ƙudura sai ya nemo ta kafin kakarsa ta rasu. Abin da yake buƙata sunanta ne kawai.

"Kaka, me sunanta?"

"Waccan ɗin dai."

"Waccan wa?"

"Kai maigidana, ba ka kawo cefane ba sai tambaya? Tashi, na sake ka."

Haka suka yi ta yi kusan shekara. A nan Makka da sunan babban ɗa ake kiran uwa, ita kanta Ummu Yunus maƙwabta ke ce mata. Don haka ya ɗauka tsufa ne ya cinye sunan, ko baƙin ciki. Ya bi ta a hankali, yana saya mata tuffa, yana jiran ranar da za ta tuna. Maganar gida ce, bai faɗa wa kowa ba. Cikin wannan jiran aka rushe layinsu, suka koma haya a Ka'akiyya, maƙwabta suka watse.

Sai bayan sun tare ya kunna min muryar a shago. Ina jin "waccan" na cire ƙafata daga keken ɗinki. Na ce masa ba mantuwa ba ce, 'yar fari ce. A garuruwanmu macen zamaninta ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce, ko da wuƙa a wuyanta. Aminiyarta ake tambaya.

Ya dube ni. Ya ce, "Hajiya Zali."

Hajiya Zali mutuniyar Damagaram ce, ayari ɗaya suka zo da kakarsa, bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Duk ranar da yake naɗar murya tana zaune a gefe tana gyaran zogale, har yakan roƙe ta ta rage tari don kada ya shiga waya. Ba ta da takardu. A kamen ƙarshen 2013 aka mayar da ita Nijar tare da ɗanta Issoufou. Muka yi ta neman lamba wajen 'yan Nijar masu aikin gini har muka samu. Issoufou ya ɗauka, ya ce ta rasu bayan damina.

Ranar Abdurrahim ya durƙusa gaban kakarsa, ba wasa, yana kuka yana roƙonta. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Ran Laraba aka haife ta. Kada ka ƙara tambayata." Iyakar abin da ta iya ke nan. Kafin azumi ita ma ta rasu.

Bai daina ba. Duk tsohuwar da ta zo daga Sudan tana jin Hausa, musamman mai zanen agana a fuska, shi zai riga kowa zuwa wajenta da keke. Yana turawa yana tambaya: wane ƙauye, ko ta san wata Balaraba da mahajjata suka bari tana ƙarama? Wasu su yi masa addu'a, wasu su ce an bar yara da yawa a wannan hanyar. Abokan aikinsa suka sa masa suna Abu Laraba. Ciwon suga ya ci ƙafarsa, likita ya ce ya huta, ya ƙi.

A 2018 ya faɗi a hanyar dawowa daga aiki, zuciyarsa ta tsaya. Ni na yi masa wanka. Tafin hannunsa duk kanta ce, na riƙe shi na daɗe ban iya saki ba.

Ya bar 'ya ɗaya, Ilham, ba ta jin Hausa sosai. Ranar Juma'a ina zuwa gidansu, mahaifiyarta ta kunna wayar, ni ina juya mata maganar Hajiya Rabi da gurgun Larabcina. Makon jiya muka kai inda take maganar ƙauyen kusa da Madani. Ilham ta tsayar da muryar, ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, "Ammu Sabitu, me sunanta?"

Na ce mata ban sani ba, kuma duk wanda muka sani da ya sani ya rasu. Allah ya jiƙan Abdurrahim, ya jiƙan kakarsa. Ita kuma waccan, in tana raye Allah ya ba ta masu kula da ita.