Inna Ashatu Mai Yi wa Ƙarfe Riga

Kafin masu keke su fara layi a bakin titin Sabo, Inna Ashatu ta riga ta jiƙa yumɓunta. Tana zaune a tsakar gida da turmi a gabanta, tana dakan fasasshen kasko har ya zama gari, ta tankaɗe, ta haɗa da toka. In ta gama sai ta ɗauki bokiti da burushin waya, ta yafa mayafi, ta nufi gidajen da maza ba sa shiga. Tun daga zaure ake jin ta fara mita.

Mutane na ce mata mai shafa laka, sai ka ce bango take yaɓe. Ita kuwa cewa take yi tana yi wa ƙarfe riga. Matan unguwar nan da yawa da wuta suke cin abinci: mai suyar gyaɗa, mai gasa burodi, mai murhun gawayin da ba ya hucewa. Ƙarfe kuma in ya sha wuta ya yi ja, iska ce ke cinsa. Ba tsatsar ruwa ba ce. Wani baƙin ɓawo ne yake tasowa, ya zube, gobe wani ya taso, har wata rana mace ta leƙa murhunta ta hango ƙasa. A maƙerar mahaifinta Inna ta koyi maganin abin. A kankare ƙarfen tas, kada a bar maiƙo, a shafa kwaɓin nan siriri ta ciki, ya bushe a inuwa, sannan a saba masa da wuta kaɗan-kaɗan. Ta waje kuma sai fentin salansar mota mai jure zafi da take sayowa a unguwar Mokola, don fentin ƙofa yana jin zafi yake kumbura ya cika gida da hayaƙi.

Ina abin wuya a nan? Amma ku zo ku ga yadda muke yi da aikin baiwar Allahn nan. Wata za ta yi ta "to Inna, to Inna", Inna na ba da baya ta hura wuta kamar za ta dafa ƙahon sa, rigar ta tsattsage. Wata ta sa maigida ya shafe mata murhun da fenti mai ƙyalli. Waɗanda suka fi ƙona mata rai kuwa su ne masu tsabta. Rigar nan toka-toka ce, ba ta da kyan gani, matan Sabo kuma ba sa iya barin abu mai kama da datti ya kwana.

Gwanarsu ita ce Zulaihat. Mijinta Manniru, mai sayar da albasa a Kasuwar Shasha, ya rasu ya bar ta da yara da tandun ƙarfe guda da ya sa aka haɗa mata. Da shi take gasa burodin da masu shayi ke karɓa. In tandun nan ya mutu, tukunyar gidan ta mutu. Inna ta yi masa riga, Zulaihat ta bi shi da soson waya. Inna ta sake yi, aka yi suna a gidan, aka sake gogewa. Ran da Inna ta dawo ta tarar da cikinsa na sheƙi, sai ta ajiye bokiti a hankali.

"Wa ya wanke tandun nan?"

"Inna, ai baƙi muka yi," in ji Zulaihat. "Shebi ai kin san halin mutane, yanzu sai a ce ƙazama ce."

"Baƙin naki tandu suka zo ci ko burodi?"

Ta durƙusa da ƙyar, don gwiwoyinta sun daɗe da fara gardama, ta ƙwanƙwasa gindin tandun. Ƙarar gwangwanin madara ya yi.

"Kin ji? In wuta ta ƙara lasar wurin nan tsirara, kin yi sallama da shi. Mai walda ba ya ɗinke ƙarfen da ya zama takarda."

Idon Zulaihat ya kawo ruwa. "Jowo Inna, don Allah ki rufa min asiri. Wallahi ba zan ƙara ba."

"Haka kika ce wancan karon. Ni kam 'yar nan, ba zan taɓa shi ba."

Ta jawo kujera ta zauna, ta aika aka ɗauko turminta, ta tura wa Zulaihat da ƙafa. "Oya, maza daka."

Hussaina maƙwabciyarsu ta ga komai, ita ta ba ni labari. Zulaihat ta daka har tafinta ya yi kanta. Ta kwaɓa, Inna ta ce ya yi kauri, a sake. Zulaihat ta shige cikin tandun da rabin jikinta tana shafawa tana share hawaye da gefen zani. Sannan aka shiga jiran bushewa, damina ce kuma. Masu shayi suka fara komawa wani wurin. Kullum Inna sai ta zo ta kafa kujera a bakin tandun don kada a kunna. Unguwa ta ɗauka: tsohuwa ba tausayi, ta sa uwar marayu a gaba. Masu faɗin haka ko ɗaya bai kawo wa marayun kwanon tuwo ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Damina biyu ta wuce, tandun na nan yana aiki. Kwanaki ƙanwar Zulaihat ta zo taya ta shara, ta ɗauki soso ta nufe shi. Hussaina ta ce ba ta taɓa ganin Zulaihat ta yi tsalle irin wanda ta yi ranar ta ƙwace soson ba.

Inna Ashatu, ke ce mai aikin da in ya yi kyau ba a ganinsa. Ke ce kika sha hayaƙi da tsegumi, kika shiga cikin murhunmu da gwiwa, muka biya ki da soson waya. Faɗanki ya ishe mu, ba ƙarya, amma kunnen ƙashinmu ya fi isarki. Yanzu gwiwar ta ce ta gaji, bokitin ya fi ƙarfinki, kin zauna a gida. Mun gode. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa aikin nan ya tsare ki daga wutar da ta fi ta gawayi.

Ku kuma matan Sabo, kada ku tara atamfa ku kai mata ku ce kun yi godiya. Hannu za ku kai mata, tun tana iya zama ta nuna. Za ta yi muku tsawa, za ta sa ku sake kwaɓi, ba kuma za ta taɓa muku murhu ba. Wadda take ganin tsaurin ya yi yawa, ta biya ta gidan Manniru ta tambayi yaransa da me suka karya yau.