Jajen da Muka Kai Ƙofar Linh

Wata safiyar Juma'a ce a watan Mayun 2018, ina da shekara goma sha uku, na tsaya a ƙofar maƙwabtanmu 'yan Vietnam riƙe da kwanon fanke mai zafi. Umma tana bayana, ta yafa babban mayafinta na zuwa unguwa, duk da cewa tafiyar ba ta fi taku goma daga ƙofarmu ba. A hawa na huɗu muke, a wani tsohon bene da ke Al Rigga, inda lif yake aiki kwana uku ya huta biyu. Jaje muka je yi. Ni na kawo labarin, ni ce kuma tafinta, saboda haka sai hura hanci nake yi, don a ganina ranar ce Turancin da nake taƙama da shi zai yi wa wani rana. Ban san cewa ƙawar da ba ni da kamarta a duk Dubai nake shirin rasawa ba.

Gidanmu a lokacin rabinsa gida ne, rabinsa sito. Abba yana harkar kargo, ofishinsa a Port Saeed, shi yake tattara kayan 'yan kasuwar Kano ya loda musu a kwantena a Jebel Ali. Kayan da suka makara kuwa, ko waɗanda mai su bai yarda a bar masa a ofis ba, a falonmu suke zama: kwalayen turare, dilolin abaya, takalma, agogunan bango. Aikina bayan makaranta shi ne rubuta sunayen masu kaya a jikin kwali da baƙar maka, in riƙe wa Umma bakin salatif, in yanka albasa har idona ya raina fata, domin ba a yin mako guda Alhazan Kano ba su zo cin tuwo ba. Su suke kawo mana kuka da daddawa a ƙasan jaka, a naɗe cikin leda uku. Ba mu da tsakar gida, don haka doguwar barandar da ke tsakanin ƙofofi ita ce filin wasana. A kan layukan tayil nake 'yar gala-gala ni kaɗai, in yi carafke da ƙwallon dabino, har sai maigadin benen ya leƙo ya ce, "Shwaiya, shwaiya," wato a hankali, in lafa na minti biyar in ci gaba.

A wannan baranda na fara ganin Linh, a ƙarshen 2016. Siririya ce, gashinta ya rufe mata goshi, ta tsuguna tana kallon carafkena kamar mai duba aikin ɗalibi. Ba ta tambaye ni sunana ba. Abin da ta fara tambaya shi ne shekaruna nawa, kuma da na faɗa mata sai ta yi murmushin wadda ta ci gasa, don ta girme ni da shekara guda. Daga baya na gane cewa a yarensu ba ka iya yi wa mutum magana sai ka san wane ne babba a tsakaninku. Ta ce in riƙa kiranta "chi", wato yaya, ita kuma ta kira ni "em", wato ƙanwa. Da na kai ƙara wurin Umma, maimakon ta goyi bayana sai ta ce, "Ai waɗannan mutane sun san girma. Ke ce dai ba ki da kunya." Linh ta shiga gida ta fito da tsinkayen cin abinci guda goma da lemon tsami ɗaya, ta nuna mini irin carafkensu: a cilla lemon sama, a tsince tsinke kafin ya faɗo. Ta yi ta lallasa ni har wata uku kafin in rama. Mahaifinta yana aiki a wani sito a Jebel Ali, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Mahaifiyarta kuma, wadda muke kira Maman Linh, tana wani shagon gyaran farce na mata, ta fita da safe sai bayan magariba. Mafi yawan yammacin Linh a falonmu take yin sa, a kan dilar abaya, tana taya ni jan salatif.

Makarantarmu ɗaya, kuma saboda raunin Turancinta aka mayar da ita baya, zuwa ajinmu. A aji ba za ka taɓa jin muryarta ba. Idan malama ta tsayar da ita, sai ta ƙura wa takalminta ido har a gaji a ce ta zauna. Ni kuwa hannuna ba ya sauka, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Shi ya sa ranar da Abba ya bar mini tsohuwar wayarsa na buɗe shafi a dandalin zumunta, na nemo Linh, sai na riƙe baki. Yarinyar da ba ta iya haɗa kalma uku a gaban malama, ga ta nan tana zuba Turanci kullum, safe da yamma. Turanci ne irin nata da na ƙawayenta na can gida, a gutsuttsure, an yanke wa kalmomi jela, an cusa na yarensu a tsakani, ga fuskokin dariya a jere. In abu ya yi mata daɗi ta rufe da "hihi", in ya ɓata mata rai ta rufe da "huhu", wanda shi ne kukansu a rubuce. Ƙawayen su zo ƙasan rubutun su amsa da irin wannan Turancin, ba mai gyara wa wani, ba mai yi wa wani dariya. Na lura da wani abu kuma, amma ban tsaya na yi tunani a kansa ba. In hoton abinci ne ko gaisuwar sabuwar shekararsu, da yarensu take rubutawa, kawunnai da gwaggwanni su cika wurin da yabo. In kuwa abin da ke cin ranta ne, da Turanci yake fitowa, kuma ba ka ganin ko babba ɗaya a ƙasa.

A wancan makon na Mayu ta rubuta abin da har yau ban manta ba: "Miss grandma so much. Every day cry in school toilet huhu. Want go home." Wato kewar kakarta ta ishe ta, kullum sai ta shiga banɗakin makaranta ta yi kuka, gida take so ta koma. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son Linh. Amma ba zan ɓoye ba, har da ɗan daɗin zama wadda ta fara samun labari. Muna cin abincin rana na fassara wa Umma, kalma bayan kalma, har da kwaikwayon huhun. Umma ta ajiye cokali. Ta ce, "Yarinya tana kuka a bayan bangonmu, mu muna nan muna cin shinkafa?" A wurin Umma, damuwar maƙwabci ba a jin ta a yi shiru. Ana tashi ne a yafa mayafi, a riƙe wani abu a hannu, a je a ce sannu. Ni kuma a wurina, abin da aka rubuta a fili duniya ta gani ba sirri ba ne. Abba ya ɗan ce ko a bari tukuna, Umma ta dube shi, ya ce, "Khalas, ku je." Da asubar Juma'a ta kwaɓa fulawa.

Maman Linh ce ta buɗe mana, ta karɓi kwanon da hannu biyu tana ta sunkuyar da kai, ta zaunar da mu a kan 'yar kujerarsu. A kusurwa akwai hoton wani tsoho, da lemo uku a faranti a gabansa. Umma ta jero gaisuwa yadda ake jerowa, ta ce Allah ya yaye, ta ce yaro sai da haƙuri, ta ce ita ma shekararta ta farko a Dubai kullum sai ta yi kukan Kano. Ni ina mayarwa cikin Turanci. Turancin Maman Linh na shago ne, na launin farce da zauna nan da dawo gobe, don haka na ga kamar ba ta gane inda muka dosa ba. Nan iyayina ya motsa. Na zaro waya, na buɗe shafin Linh, na karanta rubutun da ƙarfi, a hankali, har ina jan yatsa daga idona zuwa kumatu don ta fahimci kuka ake nufi. Sai da na ɗago na ga Linh tsaye a ƙofar ɗaki, da buroshi a hannunta, fuskarta ta yi fari fat.

Maman Linh ba ta ko kalli wayata ba. Ta ɗauko tata, ta buɗe wannan rubutun dai, ta danna wani ɗan layi a ƙasansa, nan take Turancin ya juye ya koma yarensu. Ta nuna mana, sannan ta faɗi wasu 'yan kalmomi na Turanci, muryarta ƙasa-ƙasa, waɗanda na mayar wa Umma kamar haka: "Ta rubuta, in karanta, in dafa." Ashe fiye da shekara guda tana karanta komai a shago, tsakanin mai zuwa da mai tafiya. Duk ranar da ta ga huhu, sai ta biya kasuwa ta dawo ta dafa miyar kazar da kakar Linh take yi, ta ajiye mata ba tare da ta ce uffan ba. Linh ta zaɓi Turanci ne don kada uwar da ke sunkuye a kan ƙafafun mutane tun safe ta san 'yarta ba ta jin daɗin garin. Uwar kuma ta yi kamar ba ta sani ba don kada 'yar ta rasa inda za ta yi kuka. Na ga lokacin da Linh ta gane asalin duk miyar nan da ta yi ta sha. Ta juya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba.

Daga ranar huhu ya ɓace daga shafinta, Turancin ma gaba ɗaya ya ɓace. Ta daina zuwa falonmu. In mun haɗu a lif sai ta ƙura wa takalminta ido, yadda take yi wa malama, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo. Da farko fushi na yi. Alheri muka kai, har da fanke, me ya yi zafi? Na yi ta mita ina jan salatif, har wata rana Umma ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "Nafisa, shiga muka yi ba sallama. Ɗaki ne yarinyar ta yi wa kanta, muka banka." Ban taɓa jin Umma ta ce ta yi kuskure a harkar zumunci ba sai ranar. Na je na ba Linh haƙuri a ƙofa, da Turancina mai kyau, ta ce ba komai, ta rufe. Na san kuwa da komai.

Sai da na yi wata guda ina saƙa da warwara kafin in gane cewa haƙurin baki ba zai biya ba, tunda abin da na tona ba da baki aka faɗe shi ba. Na buɗe shafina na rubuta da Hausa, yaren da ba mai ji a duk ajinmu, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce duk hutun da muka je Kano 'yan'uwana suna kirana 'yar Dubai suna dariyar maganata, a nan kuma 'yan aji suna kirana 'yar Afirka, kuma ɗaga hannun da nake yi a aji tsoro ne, don kada a ce ban iya komai ba. Na ce ƙawa ɗaya gare ni, na kuma kore ta da hannuna. Na rufe da huhu. Na san za ta kwafa ta sa waya ta juya mata, kuma na san juyin zai fito a karkace, amma na bar shi haka. Kwana uku ba labari. A na huɗu na dawo daga makaranta na tarar da kwanonmu na fanke a bakin ƙofa, wanda tun ranar jajen bai dawo ba. A ciki akwai ayaba dafaffiya cikin madarar kwakwa, da ɗumi. Ba takarda, ba saƙo. Washegari na fito baranda na same ta tsugune da tsinkaye goma da lemon tsami, ta ce, "Em, zauna." Ba mu taɓa tayar da maganar ba, daga ni har ita.

Ƙawancenmu ya dawo, amma ɗakin bai dawo ba. Ta ci gaba da rubuta Turanci a shafinta, sai dai hihi kawai. Da annobar korona ta zo aka rufe shagon mahaifiyarta na tsawon lokaci, kuma a farkon 2021 suka tattara suka koma gida. Ni na rubuta sunansu a jikin kwalayen da baƙar maka, Abba ya loda musu. Yanzu Linh tana koyar da yara Turanci a garinsu, kuma in ta rubuta abu sumul yake fitowa, ko malamarmu ba za ta sami abin ja wa jan biro ba. Ina karantawa in yi alfahari da ita, amma wallahi ina kewar wancan gutsattsarin Turancin, don a cikinsa ne na fi jin muryarta. Yaran yanzu kuma ban san inda suke ɓuya ba, tunda waya tana juya kowane yare tun kafin a roƙe ta.

Ni ma mun dawo Kano, ina jami'a, ina kwana a gida. Wani lokaci in abu ya cushe mini nakan rubuta layi biyu da Turanci a shafina, yaren da Umma take cewa ba ta ji. Ba ta kira ni ɗaki, ba ta ce me ya faru. Sai dai washegari in tashi in ji ƙamshin fanke daga kicin. Har yau ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba.