Tausar da Na Sa Aka Yi wa Kawu

Laifina ne, gara in faɗa da bakina tun farko.

Da asuba muka tashi daga Kano, ni da ƙanin mahaifiyata wanda bai taɓa zuwa China ba. Na ba shi kujerar taga, na zauna a bakin hanya. Tun a filin jirgi na koya masa dabarata: kada ya sha ruwa, alwalarsa ta daɗe, ba sai ya shiga matsattsen banɗakin nan ba. Daga Addis, inda muka canza jirgi, har Guangzhou bai miƙe ba. Da ya taɓa ni zai fita, na ce ya haƙura, mun kusa. Ba mu kusa ba, barci nake ji.

Muka kama masauki kusa da titin Huanshi Lu, muka ci taliyar Musulmin ƙasar, Kawu na faɗa da tsinken cin abincinsu yana neman cokali. Washegari sai kasuwar Shisanhang. Riguna araha kamar banza, amma ka nemi daidai jikin mutanenmu, sai ka ji “meiyou”, wato babu. Kawu na ta ɗingishi, sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi.

Na ce, “Haba Kawu, kai da kake zaga kasuwar Kwari da ƙafa?”

Na kai shi gidan tausa, na tsaya a kan mai tausar ina cewa a danna sosai.

Ranar Juma'a a ƙofar Masallacin Huaisheng ya dafe ƙirji ya durƙushe, numfashi ya gagara. Wani ɗan kasuwa ɗan Nijar ya kira motar asibiti, ya yi mana tafinta. Likita ya ce dogon zama da ƙishirwa ne suka sa jini ya daskare a jijiyar ƙafar, gudan ya ɓalle ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Da ya ji zancen tausa, ya ajiye biro ya kalle ni, ya ce danna irin wannan ƙafar kan ɓalle gudan jinin.

Abin da ke ƙona min rai, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ai haka ta faru da wane. To me ya hana ku faɗa? Muna koya wa sabon zuwa ciniki da inda ake cin halal, amma ba mai ce masa ya sha ruwa, ya tashi ya taka. Na zagi kamfanin jirgi, na zagi mai tausa. Kaina kaɗai na bari.

Sai da likita ya yarda muka taso, da magani da doguwar safa mai matse ƙafa. Kawu ya zauna a bakin hanya, yana kai da kawowa kamar ma'aikacin jirgin.

A gida mahaifiyata ta tambayi abin da ya faru. Kawu ya ce, “Ƙaddara ce, Yaya. Yaron nan ya yi ɗawainiya da ni.”

Na kasa haɗiye wannan. Na durƙusa a gabansu na ce, “Kawu, ni na hana ka ruwa, ni na tare maka hanya, ni na ce a danna. Don Allah ka yafe min.”