Ƙwayoyi a Bakin Zanen Inna

Yayana ɗan kasuwar gyaɗa ne a Azare, mai ciwon suga, mai taurin kai kuma. Shekarar da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya shiga sitonsa, buhuna suka yi fumfuna. Shi da kansa ya zazzage su, yana shaƙa, ko hanci bai rufe ba. Bayan sati biyu kuncinsa na hagu ya kumbura, idon ya fara turowa waje.

A asibiti likita ya ce fumfunar ce ta shiga hancinsa tana cin nama, ta nufi ido, bayan ido kuma sai ƙwaƙwalwa. Ya ce magani ɗaya ba zai tare ta ba, sai biyu a tare: ƙarin ruwa mai ruwan ɗorawa, da ƙwayoyi safe da yamma. Ruwan nan mugu ne. Da an ɗaura shi Yaya zai kama rawar sanyi har gadon ƙarfen ya riƙa kaɗawa.

Ni ina koyarwa, don haka Inna, mahaifiyarmu, ce mai jinya. Nas kan miƙa mata ƙwayoyin, a ba shi in ya ci abinci. Kullum na zo da la'asar na tambaya, sai Inna ta ce, "An gode Allah." Ni kuwa da shegen saurin gamsuwa, ban taɓa tambayar ko ya haɗiya ba.

Kumburin ya ƙi sauka. Ran kwana na tara na ga wani baƙin tabo a ganɗarsa. A ranar Inna ta miƙe za ta yi alwala, bakin zanenta ya kwance, ƙwayoyi suka watse a siminti.

"Inna, mene ne wannan?"

"Ajiye masa nake yi. Mu a gidanmu na Katagum ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya, ɗaya yakan kashe ɗaya. Ba ki ga yadda ruwan kaɗai ke girgiza shi ba? In ya ƙare sai a fara waɗannan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma uwa ce, na haɗiye. Na tsince su na je na kira likita.

Bai yi faɗa ba. Ya rufe wa Yaya idon dama da tafin hannu, ya ɗaga yatsu uku a gaban na hagun.

"Alhaji, yatsu nawa ka gani?"

Yaya ya yi murmushi. "Ai sai ka ɗaga tukuna, likita."