'Yar Ajinmu Mai Toshe Kunnuwa

Muna sakandare a Alsahafa, zamanin kayan makaranta masu zanen kakin soja, akwai 'yar ajinmu da take toshe kunnuwa kullum idan an fara rera take a layin safe. Ana kiranta mai aljanu. Da na tambaye ta, ta ce hayaniya sukanta take kamar allura.

Ni da ƙawayena muka sami shugabar makaranta. Na ce, "Ustaza, ba taurin kai ba ne, haka Allah ya yi ta."

Ta yarda yarinyar ta riƙa tsayawa baya, gindin bishiya. Mu kuma muka bi aji-aji muna bayani. Tsokana ba ta ƙare ba, amma ta daina cin abinci ita kaɗai.